RENE DEKART, MUTUMIN DA YA ƊORA WA HARAFI LAMBA A KAFAƊA

Duk wanda ya taɓa zama a ajin lissafi na makarantar sakandare zai tuna ranar da malami ya fara rubuta x⁵ a allo, ya juyo ya ce wa 'yan aji wannan 'yar ƙaramar biyar da ke maƙale a kafaɗar harafin tana nufin a jera x guda biyar a ninka su da juna. Daga nan aka shiga dokoki: in za ka ninka, ka tara lambobin kafaɗa, in za ka raba, ka ɗebe ta ƙasa daga ta sama. Yawancinmu mun haddace, mun ci jarrabawa ko mun faɗi, mun wuce abinmu, ba mu taɓa tambayar wanda ya fara ɗora wa harafi wannan lamba ba. Waɗansu ma zato suke tare da lissafi aka haife ta. Ko kusa! Ba ta cika shekara 400 da fitowa a littafin da aka buga ba, kuma wanda ya kafa ta a siffar da muke gani yau wani Bafaranshe ne mai son kwanciyar safe, mai gudun taro, mai kaifin harshe in an taɓa shi. Sunansa René Descartes, Faransawa kuwa suna furta shi Dekart.

An haife shi ran 31 ga Maris, 1596, a wani ɗan ƙaramin gari na lardin Touraine da ake kira La Haye, wanda yanzu aka sāke masa suna ake kiransa da sunan Dekart ɗin. Mahaifinsa, Joachim, babban ma'aikacin shari'a ne a majalisar lardin Bretagne da ke birnin Rennes. Mahaifiyarsa ta rasu bayan haihuwa a 1597, sa'ad da yake ɗan shekara ɗaya da 'yan makonni, saboda haka a hannun kakarsa ta wajen uwa ya tashi. Yaro ne mai laulayi, kullum cikin tari, fuska fayau, har likitoci ba su sa masa ran tsufa ba.

Wajen 1607 aka kai shi makarantar La Flèche, wadda Sarki Henri na Huɗu ya kafa ya danƙa wa limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit. A zamanin nan tana cikin makarantun da suka fi kowacce suna a Turai. Ya yi kamar shekara takwas yana karatun Latin da Girkanci da mantiƙi da falsafar Aristotle da lissafi. Marubucin tarihinsa na farko ya ruwaito cewa saboda rashin ƙoshin lafiya shugaban makarantar ya yarje masa ya riƙa kwanciya har hantsi, alhali 'yan'uwansa sun tashi tun asuba. Wannan ɗabi'a ta bi shi har girma, yakan kwanta ido biyu yana tunani, sai rana ta ɗaga ya tashi ya rubuta. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu komo kanta a ƙarshen labari.

Daga La Flèche ya tafi Jami'ar Poitiers ya sami takardar shaidar ilmin shari'a a 1616, kamar yadda gidansu suka saba, amma ko sau ɗaya bai yi aiki da ita ba. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa ya bar makaranta yana ganin duk abin da aka koya masa gardama ce kawai, kowane malami da nasa zancen, in ban da lissafi, wanda hujjojinsa ba su barin ƙofar musu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda aka sami harsashi mai ƙarfi haka amma ba a yi wani babban gini a kansa ba.

A 1618 ya tafi ƙasar Holan ya shiga rundunar Yarima Maurice na Nassau a garin Breda, sojan sa-kai, yana ci da kansa. Ba a yaƙi a lokacin, zaman bariki ne kawai. A nan ne cikin watan Nuwamba ya gamu da wani likita kuma malamin makaranta, Isaac Beeckman, wanda ya girme shi da shekara bakwai da 'yan watanni. Beeckman ya lura yaron nan yana da kai, ya riƙa jefa masa matsaloli kan fāɗuwar abu mai nauyi da matsin ruwa da amon kiɗa, yana nuna masa cewa ana iya auna al'amuran halitta da lissafi. Dekart ya rubuta masa ɗan littafi kan ilmin kiɗa ya ba shi kyautar sabuwar shekara. Wannan abota ita ta tashe shi daga zaman banza, ko da yake a 1630 ya rubuta wa Beeckman wasiƙu masu zafi, don ya ji labari wai yana cewa shi ya koyar da shi. Wannan hali na ƙin yarda da cewa wani ya riga shi ko ya taimake shi bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa, kuma shi ne tabon da ke jikin tarihinsa.

A 1619 ya wuce Jamus, inda Yaƙin Shekara Talatin ya soma ruruwa. Hunturu ya tsare shi a kudancin ƙasar, ya kulle kansa a wani ɗaki mai murhu, ba abokin hira. Daren 10 ga Nuwamba ya yi mafarki uku a jere, waɗanda ya fassara da cewa an ɗora masa aikin nemo hanya guda da za a bi a warware kowace irin matsala ta ilmi. Yana ɗan shekara 23.

WAHALAR SUNAYE

To, kafin mu ga abin da ya yi, dole mu dubi halin da ya tarar da aljabara, in ba haka ba ba za a gane nauyin da ya sauke wa mutane ba.

Littafin da ya ba wannan fanni sunansa shi ne na Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, a zamanin Halifa Ma'amun. Babu alama ko ɗaya a cikinsa, kome da kalmomi aka rubuta. Abin da ake nema, wanda mu muke kira x, shi yana kiransa shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. In an ninka abin da kansa, wato x², sai ya kira shi mal, wato dukiya. Waɗanda suka biyo bayansa suna kiran x³ da ka'ab, wato dunƙule mai tsawo da fāɗi da zurfi daidai wa daida. Daga nan sunaye suka ƙare, sai haɗe-haɗe: x⁴ ta zama mal mal, x⁵ ta zama mal ka'ab, x⁶ ta zama ka'ab ka'ab, haka har inda numfashi ya kai.

Kada mai karatu ya zaci rashin alama ya hana su sanin dokar. Alkaraji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya bi waɗannan darajoji sama, ya kuma bi kishiyoyinsu ƙasa, wato ɗaya bisa abu, ɗaya bisa mal, da sauransu. Bayansa a ƙarni na 12 Assamau'al, yana ɗan shekara 19, ya rubuta littafinsa Albahir, ya zana jadawali ya sa ɗaya a tsakiya, darajoji a gefe guda, kishiyoyinsu a ɗaya gefen, ya nuna cewa ninkawa ƙirga taki ne kawai: ka tsaya a gidan na farko, ka yi taki daidai da nisan na biyu daga ɗaya, inda ka sauka nan ne amsa. Wannan ita ce dokar tara lambobin kafaɗa cif, kimanin shekara 500 kafin Dekart. Abin da ya rage shi ne rubutun da zai sa ido ya ga dokar ba sai an zana jadawali ba.

Da ilmin ya ƙetara Turai sai aka fassara sunayen. Italiyawa suka kira shai'u cosa, suka kira mal censo. Jamusawa suka ƙirƙiro wa kowace daraja tata alama mai lanƙwasa, wadda dole ɗalibi ya haddace ɗaya bayan ɗaya. Sai ga babban ruɗami. A wajen Larabawa, da Diyofantus na Iskandariya tun kafinsu, murabba'i-dunƙule na nufin daraja ta biyar, don biyu da uku biyar ne. A wajen Italiyawa da Jamusawa kuwa suna iri ɗaya na nufin daraja ta shida, don biyu sau uku shida ne, daraja ta biyar kuma sai da suka nemo mata wani suna dabam. Ka ji fa! Kalma ɗaya, ma'ana biyu, ya danganta da littafin da ke hannunka. Abin da ya raba su shi ne abin da har yau ke kā da ɗalibai a jarrabawa: x² sau x³ ita ce x⁵, amma (x²)³ ita ce x⁶. A rubutunmu bambancin a fili yake. A nasu sai mai dogon nazari.

Waɗansu sun yi yunƙurin sa lamba a madadin suna. Nicolas Chuquet na birnin Lyon ya yi haka a 1484, har da sifiri da lambobin da ke ƙasa da sifiri, amma littafinsa ya kwanta a rubutun hannu ba a buga shi ba sai 1880. Michael Stifel na Jamus a 1544 ya jera 0, 1, 2, 3 a sama da 1, 2, 4, 8 ya nuna tarawa a layin sama daidai take da ninkawa a layin ƙasa. Simon Stevin a 1585 yana sa lambar cikin da'ira. Aibin waɗannan shi ne ba su rubuta harafin ba, lambar kaɗai ce, saboda haka in abin da ake nema ya kai biyu sai rubutu ya cuɗe. François Viète kuwa, wanda ya fi kowa a Faransa kafin Dekart, ya kawo haruffa a 1591, wasula ga abin da ake nema, baƙaƙe ga abin da aka sani, amma ya bar darajojin da kalmomin Latin a gefen harafi. Wato waɗancan suna da lamba ba harafi, shi yana da harafi ba lamba. Takardun Dekart na ƙuruciya sun nuna shi ma da alamomin Jamusawa ya fara, irin waɗanda ke cikin littafin aljabara na Clavius, babban malamin lissafi na Jesuit.

Bayan ya bar soja ya yi 'yan shekaru yana yawo, ya sayar da gonakin da ya gāda wajen mahaifiyarsa don ya sami abin zama da kansa, ya je Italiya, ya komo Paris ya shiga cikin masana da ke taruwa wajen wani limami mai suna Marin Mersenne. A wannan tsakanin, wajen 1628, ya rubuta wani littafi da Latin kan dokokin shiryar da hankali, wanda bai gama ba, ba a kuma buga asalinsa ba sai 1701. A doka ta 16 ne lambar kafaɗa ta bayyana. Dalilin da ya bayar mai sauƙi ne: ƙwaƙwalwa tana da rauni, duk abin da takarda za ta iya riƙewa kada a ɗora wa kai, kuma a rubuta shi da alama mafi gajarta don ido ya kwashe shi gaba ɗaya. Ya kawo misalin 2a³, ya ce lambar gaba tana faɗin yawa, ta kafaɗa tana faɗin taki nawa aka yi daga ɗaya. Ya kuma amsa cewa sunayen nan na saiwa da murabba'i da dunƙule sun daɗe suna yaudararsa.

Wace yaudara ke nan? A nan ne gundarin aikinsa yake, kuma ya fi rubutun kansa muhimmanci. Tun daga Girkawa an ɗauka cewa in x layi ne, to x² fili ne, x³ kuwa jiki ne mai zurfi. Saboda haka ba a tara x² da x, kamar yadda ba a tara eka da yadi. Viète ya mai da wannan doka mai tsanani, har yakan liƙa wa haruffansa kalmar fili ko jiki don kowane ɓangare na lissafi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ga x⁴ kuma babu ko siffar da za a nuna, tun da duniya ba ta da awo na huɗu bayan tsawo da fāɗi da zurfi. Dekart ya ce a zaɓi wani layi, kowanne aka ga dama, a kira shi ɗaya. In an yi haka, x² wani layi ne kawai, wanda matsayinsa ga x daidai yake da matsayin x ga ɗaya. X³ kuma wani layin ne a gabansa, haka har abada. Sai darajoji suka zama matakan tsani, duka iri ɗaya, kowanne ka ninka na ƙasansa da x ka same shi. Wanda ya hau mataki biyu ya ƙara uku yana kan na biyar. Wanda ke kan na bakwai ya sauko huɗu yana kan na uku. Dokokin da muka haddace a aji ba su wuce wannan ba.

Bari mu gwada da misali irin na jarrabawa. A ninka 6x⁵y³ da 2x²y, a raba da 4x⁴y². Lambobin gaba: shida sau biyu 12, a raba da huɗu, saura 3. Tsanin x: biyar da biyu bakwai, a sauko huɗu, saura uku. Tsanin y: uku da ɗaya huɗu, a sauko biyu, saura biyu. Amsa ita ce 3x³y², kuma yaro ɗan aji uku zai fitar da ita kafin malami ya gama share allo. Mai karatu ya gwada faɗin wannan tambaya da mal ka'ab da mal mal, ga abin nema har biyu, ya ga inda zai kwana. Haka kuma wanda ya riƙe hoton tsani ba zai faɗa ramin da ɗalibai suka saba faɗawa ba, na cewa x² a tara da x³ ita ce x⁵. Tarawa ba hawa ba ce. In x biyu ce, huɗu da takwas 12 ne, x⁵ kuwa 32.

SHEKARU ASHIRIN A ƁOYE

A ƙarshen 1628 ya bar Faransa ya koma Holan, inda ya zauna har shekara 20. Paris ta cika masa da masu ziyara. A Holan kuwa kowa na harkar cinikinsa, ba mai kula da shi. Ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, Franeker, Amsterdam, Deventer, Utrecht, Leiden, daga bisani ƙauyen Egmond a bakin teku, kuma sau da yawa Mersenne kaɗai ya san inda yake, ta hannunsa wasiƙu ke zuwa su koma. Yakan je mahauta ya sayo sassan dabbobi ya feɗe don ya ga yadda zuciya da ido ke aiki.

A 1631 Jacob Golius, malamin Larabci da lissafi a Jami'ar Leiden, wanda ya zauna a Maroko da Halab ya komo da tarin littattafan Larabci, ya miƙa masa wata tsohuwar matsala ta Pappus na Iskandariya, wadda ta shafi neman hanyar da ɗigo zai bi in nisansa daga waɗansu layuka ya kiyaye wani ƙayyadadden rabo. Mutanen dā sun iya ta in layukan uku ne ko huɗu. Da layuka suka wuce shida sai harshensu ya ƙare, don ninka tsawo huɗu da juna ba shi da siffa. Dekart ya warware ta cikin 'yan makonni, don shi a wajensa daraja ta huɗu da ta goma duk matakai ne a tsani guda.

Yana gab da fitar da wani babban littafi kan tsarin duniya sai labari ya iso a 1633 cewa kotun Cocin Katolika a Roma ta hukunta Galileo saboda ya ce ƙasa ce ke kewaya rana. Littafin Dekart a kan wannan ra'ayi aka gina shi. Nan take ya naɗe ya ajiye, ba a buga shi ba sai bayan mutuwarsa. Waɗansu na ganin tsoro ne, tun da yana zaune a ƙasar da hannun Roma ba ya kaiwa. Amma shi Bakatolike ne har ya mutu, kuma burinsa makarantun Jesuit su karɓi koyarwarsa.

A watan Yuni 1637 maɗaba'ar Jan Maire a Leiden ta fitar da littafinsa kan hanyar bin hankali wajen neman gaskiya, wanda aka sani da Discours de la méthode. Bai sa sunansa ba, kuma da Faransanci ya rubuta, ba Latin ɗin malamai ba, don wanda bai yi zurfi a makaranta ba ma ya iya karantawa. Ladansa kofe 200 ne na rabawa. A cikinsa ne ya kawo shahararriyar hujjarsa cewa mutum na iya shakkar kome amma ba ya iya shakkar samuwarsa, tun da mai shakka tunani yake yi. A bayan littafin ya liƙa maƙalu uku don gwada hanyar: ɗaya kan haske da gilashin ido, ɗaya kan al'amuran sararin sama har da bakan gizo, ta ƙarshe kuma La Géométrie, mai shafi ɗari da 'yan kai.

Wannan maƙala ta ƙarshe ita ce tsohon littafin lissafi na farko da ɗalibin yau zai buɗe ya ga rubutun da ya saba da shi. Haruffan farko, a, b, c, na abin da aka sani; na ƙarshe, z, y, x, na abin da ake nema; darajoji kuma da 'yar lamba a kafaɗar dama. Shekara uku kafin haka Pierre Hérigone ya rubuta a3 a layi ɗaya, a 1636 kuma James Hume ya ɗaga lambar sama amma da lambobin Romawa. Na Dekart ne ya zauna. Duk da haka akwai abin da zai ba ɗalibi mamaki. Alamar daidai ba irin tamu ba ce, ko da yake Robert Recorde na Birtaniya ya fito da = tun 1557. Kuma yawanci xx yake rubutawa maimakon x², al'adar da ta daɗe har zamanin Gauss, bisa hujjar cewa x² ba ta fi xx gajarta ba. Bugu da ƙari bai taɓa sa sifiri ko rabi ko lambar ƙasa da sifiri a kafaɗa ba; tsaninsa daga ɗaya ya tashi ya yi sama kawai. A wannan gefe Assamau'al da Chuquet sun fi shi nisa.

Littafin yana da wuya, kuma da gangan. Ya tsallake matakai da yawa, ya rufe da cewa ya bar wa na baya daɗin gano sauran da kansu. A wasiƙunsa kuwa ya nuna ya yi haka ne don kada masu hassada su ce dā ma sun sani. Ya yi cacar baki da Pierre de Fermat a 1638, wanda shi ma a gefensa ya gano yadda ake bayyana lanƙwasasshen layi da aljabara, kuma a wannan gardama Dekart bai yi wa Fermat adalci ba. Da aka zarge shi da kwasar aikin Viète sai ya mai da martani cewa shi daga inda Viète ya tsaya ya fara. Bayan mutuwarsa Ingilishi suka ce daga Thomas Harriot ya ɗauka, wanda littafinsa na 1631 ke rubuta aaa a madadin a³. Da ya ambaci magabata ko da a layi biyu, da an rage wannan ƙura.

Rayuwarsa ta gida ba ta da yawa. A 1635 wata 'yar aikin gidan da ya sauka a Amsterdam ta haifa masa 'ya, Francine. Bai auri uwar ba, amma ya karɓi yarinyar, yana shirin kai ta Faransa karatu sai wani zazzaɓi mai fesar da ƙuraje ya ɗauke ta a watan Satumba 1640, tana da shekara biyar. An ruwaito cewa bai taɓa baƙin ciki irin wannan ba. Bayan wata guda mahaifinsa ma ya rasu.

Shekarun da suka biyo na falsafa ne da rigima. Ya fitar da littafinsa kan samuwar Ubangiji da bambancin rai da jiki a 1641, da na tushen falsafa a 1644. Wani babban malamin addini na Furotesta a Utrecht, Gisbertus Voetius, ya tashi haiƙan a kansa, har jami'ar garin ta hana koyar da sabuwar falsafa a 1642. A 1643 ya fara musayar wasiƙu da Gimbiya Elisabeth ta Bohemia, wadda ta ƙure shi da tambayar yadda rai marar jiki ke motsa jiki. Shi kuma ya gwada ta da matsalar neman da'irar da za ta taɓa waɗansu da'irori uku, ta warware ta da aljabara, abin da ya sa ya shaida cewa ta fahimci lissafinsa fiye da malaman jami'a da yawa.

Wanda ya yaɗa rubutun a Turai shi ne Frans van Schooten na Leiden, da ya fassara La Géométrie zuwa Latin a 1649 tare da sharhi, ya sake fitar da ita da ƙari mai yawa tsakanin 1659 da 1661. Wannan bugu na biyu ne Isaac Newton ya karanta yana ɗalibi a Cambridge wajen 1664. John Wallis ya riga ya yi magana a 1656 kan darajoji na rabi da na ƙasa da sifiri, Newton kuma a wasiƙarsa ta Yuni 1676, wadda aka aika don Leibniz, ya rubuta su ƙarara a kafaɗar harafi. Rubutun ne da kansa ya ja su zuwa can. In x³ a raba da x³ ɗaya ce, dokar ɗebewa kuma ta ba da x⁰, to dole x⁰ ta zama ɗaya. In x² a raba da x⁵ ta bar ɗaya bisa x³, doka kuma ta ba da x⁻³, to su biyun abu guda ne. In kuma akwai abin da za a ninka da kansa a sami x, lambar kafaɗarsa rabi ce, tun da rabi da rabi ɗaya ne. Ba wanda zai yi tunanin rabin mal ko rabin censo ta wannan fuska, amma lamba tana da rabi.

Dekart bai ga wannan ba. Sarauniya Christina ta Suwidin, 'yar shekara 22, mai ƙishin ilmi, ta matsa masa ta hannun jakadan Faransa Pierre Chanut ya zo fadarta. Ya yi ta jan ƙafa, daga bisani ya shiga jirgin ruwa a watan Satumba 1649, ya isa Stockholm a Oktoba. Sarauniya ba ta da lokacin karatu sai ƙarfe biyar na asuba. Mutumin da tun yana yaro bai saba barin shimfiɗa kafin hantsi ba, ga shi cikin watan Janairu na ƙasar ƙanƙara yana fita cikin duhu zuwa ɗakin littattafan fada. Chanut, wanda a gidansa ya sauka, ya kamu da ciwon huhu, Dekart ya yi jinyarsa, shi ma ya kamu. Da fari ya ƙi yarda likitoci su tsaga shi su zubar da jini irin maganin zamanin, da ya yarda kuma jiki ya riga ya yi nisa. Ran 11 ga Fabrairu, 1650, rai ya yi halinsa, saura 'yan makonni ya cika shekara 54.

An binne shi a Stockholm. A 1663 Roma ta sa littattafansa cikin jerin waɗanda aka hana Katolika karantawa sai an gyara su. A 1666 aka tono ƙasusuwansa aka kai Faransa, aka yi ta ƙaura da su kamar yadda mai su ya yi da rai, sai a 1819 suka sami mazauni a cocin Saint-Germain-des-Prés a Paris. Da aka buɗe akwatin a wannan shekara sai aka tarar babu ƙoƙon kai. Ashe tun a Suwidin aka zare shi, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, masu shi suna rubuta sunayensu a jikinsa, har masanin kimiyyar nan Berzelius ya same shi ya aika da shi Paris a 1821. Ƙoƙon da ake danganta masa yana ajiye a gidan tarihi na Musée de l'Homme.